Tabon Goshin Sammani

Ku gyara zama. Wanda ke da goro a baki ya haɗiye tukuna, don kada ya ƙware ya ce ni na jawo masa.

A zamanin da Katsina ke kai gaisuwa Sakkwato, an yi wani mai tufkar igiya a Runka, sunansa Sammani. Igiyarsa ba laifi, amma bakinsa ya fi igiyar tsawo. Shi ne ya taɓa rantsuwa cewa ya ƙwala wa jakinsa kira daga ƙofar gida, wani jaki ya amsa daga Safana. Salla kuwa yana yi, kada in ɗauki alhakinsa, sai dai irin ta mai sauri ce. Kafin liman ya gyara rawani, shi har ya dungura ya sallame ya kama hira.

To, a wata shekara damina ta fara lafiya lau, gero ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke cak. Kwana ashirin ko yayyafi babu. Ganye ya naɗe, rijiyar gari ta koma laka. A daidai lokacin kuma muryar tsohon ladan, Baba Yero, ta mutu murus, in ya kira salla ko kajin gidansa ba sa ɗaga kai.

Ran nan bayan la'asar Liman Jafaru ya juyo ya fuskanci jama'a. Ya ce kowa ya ɗauki azumin kwana uku, a rana ta uku da hantsi a fita bayan gari roƙon ruwa. Ya ƙara da cewa in an dawo zai naɗa sabon ladan, kuma ba murya kaɗai zai duba ba, har da tsoron Allah.

Sammani ya shiga gida har yana tuntuɓe da turmi.

“Tasalla! Tasalla! Taso ki gai da Ladan!”

Matarsa ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. “Wane Ladan? Baba Yero ya zo?”

“Ni ɗin nan! Nan da kwana uku duk sunan da za a yi a garin nan, wuyan rago gidanki zai zo. Zamana kusa da liman. Kuma sau biyar a rana, Runka kakaf ta yi tsit ta saurare ni!”

“To ai ka ce har da tsoron Allah za a duba.”

“Shi ma zan nemo. Ina dutsen niƙanki?”

Shi dai ya lura cewa duk manyan masu ibada na garin suna da baƙin tabo a goshi, na yawan sujada. Nasa goshin kuwa sumul, sai ƙyalli. Don haka ya durƙusa gaban dutsen niƙa ya yi ta gurza goshi, yana cije baki. Ya gurza, ya gurza, ya ɗago ya ce wa Tasalla, “Ya yi baƙi?”

“Ya dai yi ja. Kuma ka ɓata mini dutse da maiƙo.”

Ya ƙara himma. Kafin magariba goshin ya kumbura suntum, ga zafi, ga ruwa na tsattsafowa, baƙi kuwa ko alama. Tasalla ta dafa bango tana dariya har da hawaye.

“Malam, mutane fa shekara talatin suke yi kafin ya fito.”

“Ni ina da shekara talatin? Kwana uku gare ni!”

Sai dabara ta faɗo masa. Ya kife tukunyar tuwo, ya kankare baƙin gindinta tas, ya dama da ƙaro, ya sami tawada irin wadda malamai ke rubutu da ita. Ya dangwala da yatsa ya zana tabo a tsakiyar goshi, ya leƙa ruwan ƙwarya ya ga kansa. Wayyo daɗi! Har ya gaida kansa da “Allah gafarta Malam.” Bai tsaya nan ba. Ɗan kolin Batsari da ke zuwa da carbi bai zo ba makon nan, sai Sammani ya sami busasshiyar kurna ya huda, ya zura a igiyarsa, ya yi carbi mai kaiwa har gwiwa.

Washegari da azahar ya nufi masallaci yana jan ƙafa, yana nishi, carbi na lilo a wuyansa. A bakin randar alwala ya ci karo da Daudu mahauci, taubashinsa, wanda ba ya ganin Sammani ya ƙyale.

Daudu ya ce, “La ila! Sammani, mi ya same ka a goshi? Jaki ya harbe ka?”

“Sujada ce, jahili.”

“Jiya fa babu shi.”

“Yana nan. Hula ce ke rufe shi. Ni ba na son nuna ibada.”

“To bisimilla, ga ruwa, yi alwala.”

Sammani ya miƙa hannu, ya yi maza ya janye. Sai yanzu ya tuna cewa tawada da ruwa ba sa shiri, shi ya sa ake wanke allo a sha. In ya kuskura ya wanke fuska, shekara talatin ɗin sujada za ta bi ƙasa. Ya gyara murya yadda na sahun gaba za su ji.

“Ina da alwala tun asuba.”

Da la'asar ya ce yana da ita tun asuba. Da magariba ma haka. Daudu ya riƙe baki ya ce, “Kai, wannan alwala da ƙarko take! Da igiyarka ka ɗaure ta?”

“Bayin Allah na gaskiya sukan kwana uku da alwala ɗaya. Kai da kake wuni cikin tumbi ina za ka sani?”

Da ya ga mutane sun juyo suna kallonsa, sai bakin ya ƙwace masa. Akwai wani abu da ya daɗe yana ba mutanen Runka mamaki. Duk da rijiya ta ƙafe, randar masallaci kullum cike take, kuma ba wanda ya san mai cika ta. Wani tsoho ya sake tayar da zancen, yana sa wa mutumin albarka. Sammani ya sunkuyar da kai, ya yi tari, ya murza kafaɗa.

“Wash, kafaɗata. Kai, ɗaukar ruwa da wuya. Af! Ku manta na faɗa, ba na so a sani.”

A can ƙarshen sahu akwai Lado majemi, mai jeme fata. Kullum a ƙarshe yake tsayawa, don kada warin sana'arsa ya dami mutane. Ya ɗago ya dubi Sammani, ya mayar da kai ƙasa.

Azumi kuwa, ranar farko ma da ƙyar Sammani ya kai. Rana ta biyu tun da hantsi cikinsa ya fara kiran ciroma. Ya zaga wurin Iya Kande, tsohuwar da ke suyar ƙosai saboda yara da marasa lafiya, ya tsaya a tsakiyar hanya ya buɗe murya.

“Iya, cika mini ƙwaryar nan! Sadaka zan kai wa wani maraya. Kada ki faɗa wa kowa!”

Iya Kande ta ce, “Wa ya rage ban da kurame? Wane maraya ne, ɗan nan?”

“Sirri ne.”

Ya yi ta bayan gida, ya haye rumbunsa, ya zura kai ciki ya ja murfi. To shi dai uwarsa da ubansa sun rasu, wannan gaskiya ne. Ya cinye ƙosai arba'in, ya kora da ruwan gora, ya ɗan kishingiɗa. Rumbu da zafi, gumi ya yi ta zuba, tabo ya narke. Da ya farka ya sake zanawa a gurguje, babu ruwan ƙwarya balle ya duba.

Ya isa masallaci ya tarar Liman Jafaru na wa'azi. Liman na cewa, “Jama'a, ku ji tsoron riya, wato yin ibada don idon mutane. An ruwaito cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya hori mutanensa, in ɗayansu na azumi ya shafa mai a leɓe don kada a gane. In zai yi sadaka da dama, ya ɓoye wa hagu. In zai yi nafila, ya saki labulen ƙofarsa. Wanda ya yi don a gani, an gani, ladansa ke nan, ya karɓa.”

Sammani ya fi kowa gyaɗa kai, yana ta “Na'am! Gaskiya ne! Faɗa musu, Malam!”

Daudu ya matso ya ƙura masa ido. “Sammani, tabonka ya yi ƙaura.”

“Wace irin ƙaura?”

“Jiya yana tsakiya, yau ga shi bisa girar hagu. Kuma ya haihu, ga ƙarami nan kusa da shi.”

“Da gefe nake sujada yanzu, tsakiyar ta gaji.”

“To leɓenka fa? Mi ya sa yake ƙyalli haka, sai ka ce gindin kaskon suya?”

Da wani ne, da ya faɗi gaskiya nan take. Sammani kuwa sai ya miƙe tsaye, ya buɗe hannuwa.

“Ba ku ji abin da Malam ya faɗa ba yanzu? Mai na shafa! Na shafa ne don kada kowa ya san ina azumi! Jama'a ku shaida, ina ɓoye azumina!”

Liman ya dube shi ya daɗe, sannan ya sa gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Sammani ya ɗauka kuka yake don tausayi, ya koma gida yana tafiyar ƙasaita.

Ya ce wa Tasalla, “An gama! Na sa liman kuka.”

Ta ce, “Ni ma ka kusa sa ni. Malam, don girman Allah ka wanke fuskar nan ka yi salla ko ɗaya ta kirki. Kwana biyu kana dungure ba alwala. Gero na mutuwa, kai kana wasa da Mai ruwan.”

“Bayan naɗi. In na zama ladan, har wanka zan riƙa yi.”

Rana ta uku ya yi shiri na musamman. Ya san za a daɗe a fili, kuma ba rumbu a can. Don haka ya ɗinka wata jaka a cikin rigarsa, daidai ƙirji, ya sake zuwa wurin Iya Kande saboda maraya, ya cika jakar da ƙosai. Dabararsa ita ce in ya sunkuya yana kukan tuba, sai ya riƙa jefa ɗaya ɗaya. Tabo kuwa ya zana shi da faɗi, har ya kusa haɗe girarsa biyu.

Da hantsi gari ya fita. Maza ba takalmi, cikin tsofaffin riguna, tsofaffin mata a baya, har da baƙi daga Safana da su ma fari ya dame su. Rana ta buɗe, ƙasa na ƙuna. Mutane na istigfari a hankali, wasu na hawaye na gaske, don kowa ya san in gero ya mutu akwai gidajen da ba za su kai baɗi ba. Sammani ya kutsa sahun gaba ya ɓarke da kuka mai ƙarfin da ya tashi tsuntsaye daga kan tsamiya.

“Wayyo zunubanku, mutanen Runka! Wayyo!”

Wani baƙo ya tambayi Daudu, “Wannan wane waliyyi ne?”

Daudu ya ce, “Sabo ne, shekaranjiya ya fito.”

Ana cikin haka sai wata akuya ta shinshino kurna. Ta lallaɓo ta kama carbin ta baya ta fara ci. Sammani ya ji ana ja, ya ɗauka wani ne ke neman tabarruki, ya ce, “A hankali, bawan Allah, kowa zai samu.” Akuya ta fizga, igiya ta shaƙe shi, ya yi baya ya zauna daɓas. To ƙosan jiya dama yana ciki yana neman hanya. Abin da ya fita a lokacin nan, jama'a, har na sahu na uku sun ji, kuma ba da kunne kaɗai ba.

Daudu ya ɗaga hannu sama. “Inna lillahi! Alwalar kwana uku ta riga mu gidan gaskiya!”

“Akuya ce!” in ji Sammani.

Liman ya ce, “Ko akuya ce, je ka sake alwala, Sammani. Muna jiranka.”

“Allah gafarta Malam, ana fari, ruwa ya yi wuya. Taimama zan yi.”

Sai ga hannu daga baya da butar duma. Lado majemi ne. Ya ce, “Ga nawa, yi da shi.”

Sammani ya harare shi kamar ya kashe masa uba. Ya karɓa ya zaga bayan tsamiya, ya yi ta facal-facal da ruwa don a ji, ya jiƙa hannu da ƙafa da gemu, ya bar goshi a bushe. Ya dawo yana tsiyayar da ruwa daga gwiwar hannu.

Aka yi raka'a biyu, liman ya yi huɗuba. Sannan ya juya ya fuskanci alƙibla ya ce, “Kowa ya juya rigarsa, ciki ya koma waje, ko Allah ya juya mana wannan hali.”

Kash! Duk lissafin Sammani bai tuna da wannan ba, ga shi kuwa tun yana yaro yake gani ana yi a kowane roƙon ruwa. Maza suka fara tuɓewa suna juyawa. Shi ya ƙanƙame ƙirji.

“Ni tawa a juye take tun daga gida.”

Daudu ya ce, “Ƙarya kake, ga aikin wuya nan a waje. Kawo in taya ka, waliyyi ba ya wahala muna kallo.”

“Sake ni!”

“Ɗaga hannu!”

Daudu ya ja, Sammani ya ja, ɗinkin gaggawa ya ce ɓarrr. Ƙosai ya yi tsalle sama ya zubo kamar ƙanƙara, wani ya gangara har gaban buzun liman. Akuyar nan ta saki carbi ta dawo, ta kuma gayyato 'yan uwanta.

Daga sahun baya muryar Iya Kande ta taso. “Ƙosaina ne wannan, na san suyata! Sammani, ashe kai ne marayan?”

“To ba maraya ba ne ni? Ina uwata? Ina ubana?”

Mutanen da suka zo da kuka suka ɓuge da riƙe ciki. Liman ya yi ta ɗaga hannu kafin a natsu, ya ce a ci gaba da addu'a, Allah ba ya fasa jin bayinsa saboda wauta ta mutum ɗaya. Aka ɗaga hannuwa. Aka daɗe ana roƙo, har rana ta kusa tsakiya. Sai iska ta canza. Gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, aka ji ƙamshin ƙasa, ɗigo ya faɗo, wani ya biyo, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Zo ka ga murna! Tsofaffi na kabbara, mata na guɗa, ba wanda ya nemi mafaka. Sammani ya ga dama ta samu, ya haye wani kututture ya ɗaga hannuwa sama, ya ɗaga fuska.

“Kun gani? Kukana ne! Tun ina kuka na ji an amsa!”

Jama'a suka juyo. Tabo ya taso daga goshi, ya rabu biyu a karan hanci, ya gangaro ta kumatu, ya shige gemu, ya ɗiga a ƙirji. Kafin ya rufe baki goshin ya koma sumul, sai ɗan kumburin dutsen niƙa.

Daudu ya faɗi cikin taɓo yana shure-shure. “A kawo ƙwarya! A tara a sha, rubutu ne!”

Sammani ya shafa fuska ya dubi tafin hannunsa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya ga ko ina haƙora. Amma bakin nan bai mutu ba.

“To, na ji. Tabo na tawada ne, azumi ya sha ruwa. Randar masallaci fa? Wa ke cika ta?”

Liman ya share ruwa daga fuska ya ce, “Madalla da ka tuna mini. Sammani, ruwan randar nan, ƙamshin mi yake yi?”

Sammani ya sosa ƙeya. Rabonsa da taɓa ruwan randar tun kafin shuka.

“Ƙamshin… miski?”

Wannan karon har Baba Yero mara murya sai da aka ji dariyarsa. Duk mai alwala a masallacin ya san ruwan nan ɗan warin bagaruwa yake yi, irin wadda ake jima da ita, don a salkar fata sabuwa ake kawo shi. Mutane sun saba da warin har ba su taɓa tambayar daga ina yake ba. Sai yanzu kowa ya waiga ƙarshen sahu. Lado majemi na can yana ƙoƙarin ɓuya bayan wani dogo.

Liman ya ce, “Lado, azahar ta yi. Kira mana salla.”

Lado ya ce, “Allah gafarta Malam, ni wari nake.”

“Mun daɗe muna wanke fuska da warin nan. Kira.”

Lado ya sa yatsu a kunne ya kira. Muryarsa ba ta kai rabin ta Sammani ba, har rawa take yi. Amma ba wanda ya yi motsi har ya gama.

Sammani bai tsaya ba. Ya bi ta cikin gonaki ya koma gida, riga a yage, gemu baƙi, akuya ɗaya na biye da shi. Ya zauna a kan turmi ya yi shiru, abin da Tasalla ba ta taɓa gani ba tun da aka kawo ta gidan. Kunya ta kama shi sosai, irin wadda ba a iya rufe ta da surutu. Ruwa na ta zuba a kan geron bayan gida, ganyen har ya fara buɗewa.

Can ya ce, “Tasalla, zuba mini ruwa a buta.”

Ta kawo. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska sau uku har da goshin, yana ɗan cije leɓe saboda kumburi. Ya ɗauki tabarma ya nufi ɗaki.

Tasalla ta ce, “In kira maƙwabta?”

“Saki asabarin ƙofa.”

Ta saki. Ya daɗe a ciki, har ta gama tankaɗe ta ɗora tukunya. Da ya fito idonsa ya yi ja. Ya tsaya bakin madafa, ya yi tari, ya gyara tsayuwa, ya sake yin tari.

“Kin ga yadda na daɗe kuwa?”

Tasalla ba ta ko ɗago ba. “Ni ban ga komai ba.”

“Ko kaɗan? Ko ta ƙasan asabari?”

“Ko kaɗan.”

Sammani ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi ƙofar gida, inda ake jin muryar Daudu na wucewa, ƙafarsa har ta ɗaga. Sai ya dawo da ita ya zauna a kan turmi, ya riƙe bakinsa da hannu biyu.

Ta cikin yatsu ya ce, “Yi sauri da tuwon nan ki cika mini baki, kafin in je in faɗa.”